Erle Stanley Gardner: Lauyan da ya ƙirƙiro Perry Mason, ya ƙare yana neman waɗanda aka ɗaure ba laifi

Ranar 22 ga watan Mayu, 1966, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna kashi na ƙarshe na wasan Perry Mason, bayan shekara tara ana kallonsa. Sunan kashin The Case of the Final Fade-Out, kuma shi ne na 271. Labarin ya faru ne a wurin ɗaukar wasan talabijin. Ana cikin ɗaukar wani fage na harbe-harbe sai aka kashe jarumin wasan da gaske. Aka tuhumi mai shirya wasan, lauya Perry Mason ya wanke shi, sai kuma shi ma aka tsinci gawarsa. Laifi ya koma kan wata dattijuwar 'yar wasa, aka sake komawa kotu.

To, a wannan zama na biyu, duk wanda ya lura da kujerar alƙali zai ga wani dattijo mai tabarau, wanda da ganin yadda yake magana ka san ba ɗan wasa ba ne. Shekarunsa 76 a lokacin. Shi ne Erle Stanley Gardner, mutumin da ya ƙirƙiro Perry Mason tun daga tushe. An ɗora shi kan kujerar ne don a yi sallama da shi a ciki, kamar yadda aka saka ma'aikatan bayan fage da yawa a wannan kashi su ma a ga fuskokinsu.

Masu kallo sun san Perry Mason da cewa lauya ne da ba a kayar da shi. Amma dattijon nan da ke kan kujera ya fi kowa sanin cewa a kotun gaske ba haka abin yake ba. Ya ga yadda ake kama mutum a madadin wani, ya ga yadda shaida ke rantsuwa a kan abin da idonsa bai tantance ba, ya kuma ga mutanen da suka tsufa a gidan yari kan laifin da ba su aikata ba. Tarihinsa ya fi na jarumin da ya ƙirƙiro abin tsayawa a duba.

Yaron da dambe ya fitar daga makaranta

An haifi Gardner ranar 17 ga watan Yuli, 1889, a garin Malden na jihar Massachusetts, a gabashin Amurka. Mahaifinsa injiniya ne, aiki kuma ya sa iyalin suka yi ƙaura zuwa yamma, suka zauna a garuruwa daban-daban kafin su tare a Kalifoniya. Ya gama sakandare a Palo Alto a 1909, ya tafi karatun lauya a jami'ar Valparaiso da ke jihar Indiana. Bai yi fiye da wata guda ba aka dakatar da shi, saboda hankalinsa ya fi karkata ga dambe fiye da littafi.

Wani da ya tattara ya haƙura. Shi kuwa sai ya koma Kalifoniya, ya samu aikin buga takardu a ofishin lauyoyi, yana aiki yana karanta littattafan shari'a da kansa. A wancan zamani dokar jihar ta yarda mutum ya zauna jarrabawar lauyoyi ko da bai gama jami'a ba. Ya zauna a 1911, ya ci, yana ɗan shekara 21.

Lauyan unguwar 'yan Sin

Garin da ya fara yin suna shi ne Oxnard, ƙaramin gari da ya taso a gindin wata masana'antar sukari. Akwai leburori 'yan Meziko, akwai kuma unguwar 'yan Sin masu shaguna da wuraren wanki da gidajen abinci. Zaman 'yan Sin a Amurka a lokacin zaman ɗar-ɗar ne. Tun 1882 aka kafa dokar da ta hana leburorinsu shigowa ƙasar, waɗanda ke ciki kuma ba su da damar zama 'yan ƙasa. Ba su da ƙuri'a, da yawansu ba su jin Turanci sosai, kuma manyan lauyoyin gari ba su ɗokin karɓar shari'arsu. Sabon lauya da ba shi da kowa, su ne suka zama abokan hulɗarsa.

Akwai wani labari da masu rubuta tarihinsa suka cika kawowa. Hukumar gari ta shirya kama wasu 'yan kasuwar Sin kan sayar da tikitin caca, aka yanko takardun kamu da sunan kowannensu. Labari ya iske Gardner kafin 'yan sanda su iso. Sai ya sa mutanen suka yi musayar shaguna, wannan ya je ya zauna a shagon wancan, wancan ya koma na wani. 'Yan sanda suka zo, duk wanda suka tarar a bayan kanta suka tasa shi gaba da sunan mai shagon. Da aka zo tantancewa sai ga shi sunan da ke takarda daban, mutumin da ke hannu daban. Shari'a ta watse, hukuma ta sha kunya.

Ba a ce cacar ba ta faru ba, kuma dabarar ba ta rasa wayo irin na lauyoyi. Amma abin da ta tona shi ne babba: mutanen da suka shirya rantsuwa cewa sun ga wane yana sayar da tikiti, ashe ba su iya bambance fuskarsa da ta maƙwabcinsa ba. A wurinsu duk ɗan Sin ɗan Sin ne. Duk wanda ya taɓa zama a garin da ake yi wa mutanen unguwarsu kuɗin goro zai gane nauyin wannan. Gardner ya riƙe darasin har ƙarshen rayuwarsa, wato shaidar ido abu ce mai rauni, kuma rauninta ya fi faɗawa kan wanda ba shi da gata. Zumuncinsa da 'yan Sin bai yanke ba, har ya koyi wani abu na harshensu, ya kuma ziyarci ƙasar Sin a 1931.

Rana a kotu, dare a kan keken rubutu

Ya yi aure a 1912, aka haifa masa 'ya mace guda. Kuɗin lauyan talakawa ba ya riƙe gida, don haka ya ɗan bar aikin ya shiga harkar tallan kaya, sannan ya dawo a 1921 ya shiga wani ofishin lauyoyi a garin Ventura. Yana son tsayuwa gaban alƙali da yi wa shaidu tambayoyi, amma zaman ofis da shirya takardu ya gundure shi.

A nan ne ya fara rubuta gajerun labarai yana aika wa mujallu masu arha, waɗanda ake bugawa a kan takarda mara kyau a sayar wa ma'aikata da matafiya. Ɗaya daga cikinsu ita ce Black Mask, wadda ta shahara da labaran 'yan bincike. Da farko an sha dawo masa da rubutunsa. Bai daddara ba. Idan ya taso daga kotu sai ya zauna kan keken rubutu har tsakar dare, yana bugawa da yatsu biyu. Ya ɗora wa kansa ƙa'idar rubuta kalmomi 1,200,000 a shekara. Ka raba wannan da kwanakin shekara ka gani, sama da kalma 3,000 ke nan kullum, ga kuma aikin lauya da rana.

Mujallun nan da ƙidayar kalma suke biya. Shi ya sa ake ba da labarin cewa an taɓa yi masa tsiya a kan jarumansa, wai gwanayen harbi ne amma sai harsashi na ƙarshe suke samun abokin gaba. Amsar da ya bayar ita ce kowace ƙarar bindiga da ya rubuta kuɗi ce, don haka ba zai ƙare faɗa da sauran harsashi a bindiga ba. Mutum ne da bai taɓa ɓoye cewa rubutu sana'a ce a wurinsa ba. Da yatsu suka gaji sai ya koma yin shifta a na'urar ɗaukar murya, sakatarori suna bugawa.

Haihuwar Perry Mason

A 1933 kamfanin William Morrow ya buga littafinsa The Case of the Velvet Claws, inda Perry Mason ya fara bayyana. Sunan ya samo shi ne daga kamfanin da ke buga wata mujallar yara da ya karanta yana ƙarami. A wannan shekarar ya ajiye zuwa ofis kullum, ya rungumi rubutu. Littattafan Perry Mason sun kai 82, biyu daga ciki an buga su bayan mutuwarsa. Ban da su ya rubuta wasu da sunan aro na A. A. Fair, da kuma jerin littattafai tara da jaruminsu mai gabatar da ƙara ne.

Tsarin labarin kusan guda ne kullum. Wani ko wata za su zo ofishin Mason da matsala. A yi kisa. Duk hujjoji su nuna wanda ya zo neman taimakon. Mason da sakatariyarsa Della Street da ɗan bincike Paul Drake su shiga tono. A kotu kuma mai gabatar da ƙara Hamilton Burger ya zo da ƙwarin gwiwa, har sai Mason ya kama wani shaida da tambayoyi, ƙarya ta ƙare, mai laifin gaske ya fito fili. Masu sukar adabi sun ce labaran duk kama ɗaya ne, mutanen ciki kuma ba su da zurfi. Akwai gaskiya a nan. Sai dai ta fuskar doka Gardner ba ya wasa, domin ya san lauyoyi na karantawa kuma za su kama shi idan ya yi kuskure.

A 1937 ya tare a wani babban gandu kusa da Temecula a kudancin Kalifoniya, wanda ya sa wa suna Rancho del Paisano. A nan ya tara sakatarorinsa, cikinsu har da wasu 'yan'uwa mata uku da suka yi shekaru suna aiki da shi. Ya daɗe ba ya zaune tare da matarsa ta fari, amma bai sake ta ba, kuma bai daina ɗaukar nauyinta ba. Bayan mutuwarta a 1968 ya auri ɗaya daga cikin sakatarorin nan uku, wadda mutane da yawa ke ganin da ita ya kwaikwayi Della Street.

Kotun da ba ta da alƙali

Da a nan ya tsaya, da an tuna shi a matsayin marubucin da ya yi kuɗi. Amma a 1946 wata babbar mujalla ta buga tarihinsa, ta ambaci yadda ya tsaya wa marasa gata a Oxnard. Sai wasiƙu suka fara zuwa. Wani lauya ya kawo masa maganar William Marvin Lindley, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Kalifoniya kan kashe wata yarinya. Gardner ya karɓi kundin shari'ar ya zauna da shi. Ya jera lokutan da kowane shaida ya ambata, ya auna su da wuraren da aka ce an ga mutumin, sai ya ga lissafin bai haɗu ba: bisa maganar shaidun kansu, Lindley na wani wuri a lokacin da aka yi aika-aikar. Ya rubuta wa hukuma, gwamnan jihar na lokacin, Earl Warren, ya sauya hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai. Ba a sake shi nan take ba, amma ransa ya tsira.

Abin ya tsaya wa Gardner a rai. Idan mutum guda da kundi da fensir zai iya gano irin wannan ɓaraka, to mutum nawa ne ke kwance a gidajen yari ba wanda ya duba nasu? Matsalar ita ce kotun ɗaukaka ƙara galibi tana duba ko an bi ƙa'idar shari'a ne, ba ta sake tono hujja daga tushe. Wanda kuɗinsa ya ƙare, damar ɗaukaka ƙararsa ta ƙare, shi ke nan an rufe littafinsa.

A 1948 shi da Harry Steeger, mai mujallar Argosy, suka kafa abin da suka kira The Court of Last Resort, wato kotun da ake zuwa idan kowace ƙofa ta rufe. Ba kotu ba ce ta hukuma, ba ta da ikon sakin kowa. Ƙungiyar ƙwararru ce da ke ba da lokacinsu: akwai Dakta LeMoyne Snyder, likita kuma lauya, masanin binciken gawa, akwai Raymond Schindler, shahararren ɗan bincike, akwai Leonarde Keeler, gwanin na'urar gane ƙarya, akwai masanin tantance rubutun hannu, da wani tsohon shugaban gidan yari. Su binciki shari'a daga farko, mujallar ta buga abin da suka gano, masu karatu kuma su matsa wa gwamna ko hukumar afuwa lamba. A ganin Gardner, jama'ar gari su ne kotun ƙarshe.

Shari'ar da suka fara da ita a hukumance ita ce ta Clarence Boggie, wani mai saran katako da aka ɗaure rai da rai a jihar Washington kan kashe wani dattijo a garin Spokane. Ya yi kusan shekara 13 a gidan yari yana cewa ba shi ba ne. Da suka bi sawun shaidu sai suka tarar tun farko akwai waɗanda suka ga mai kisan yana gudu, kuma kamanninsa ba su dace da na Boggie ba. Gwamnan jihar ya yi masa afuwa a ƙarshen 1948.

Wasiƙu suka yi ta kwarara daga fursunoni da iyalansu. Ba kowa ne mai gaskiya ba, kuma ƙungiyar ta sha janye hannu idan bincike ya nuna mai kukan shi ya yi laifin. Wasu hanyoyinsu ma, musamman dogaro da na'urar gane ƙarya, masana na yau ba su yarda da su sosai ba. Amma aikin ya ci wa Gardner lokaci da kuɗi masu yawa, a daidai shekarun da kowace sa'a tasa kuɗi ce. Littafin da ya rubuta a kan aikin ya fito a 1952, ya kuma samu lambar yabo ta Edgar, wadda ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Amurka ke bayarwa. Sai a 1992 aka kafa Innocence Project, ƙungiyar da ke amfani da gwajin ƙwayoyin halitta wajen wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure. Gardner ya riga su shiga wannan fage da sama da shekara 40, ba tare da irin kayan aikinsu ba.

Daga littafi zuwa akwatin talabijin

Tun a shekarun 1930 kamfanin Warner Bros. ya yi finafinai shida da Perry Mason, daga 1943 zuwa 1955 kuma aka yi shi a rediyo. Gardner bai ji daɗin yadda aka juya masa jarumi ba. Don haka da maganar talabijin ta taso sai ya kafa kamfaninsa, Paisano Productions, ya riƙe ikon duba kowane labari kafin a ɗauka. Tsohuwar 'yar wasa Gail Patrick Jackson ita ce ta shugabanci shirin, a zamanin da ba kasafai ake ba mace irin wannan matsayi ba.

Raymond Burr, wanda ya zama fuskar Perry Mason, ya zo gwaji ne don a ba shi matsayin mai gabatar da ƙara, domin an saba ganinsa a matsayin mugu a finafinai. Gardner na ganin gwajinsa ya ce shi yake so. Aka fara nuna wasan ranar 21 ga watan Satumba, 1957. Kashi ɗaya tak aka ɗauka da launi, sauran duk baƙi da fari ne. Mai lura zai ga cewa yawancin shari'un a zaman share fage ake ƙare su, kafin a kai ga masu taya alƙali yanke hukunci. Mason ba ya bari abin ya yi nisa.

A 1963 aka nuna wani kashi mai suna The Case of the Deadly Verdict, wanda ya buɗe da abin da masu kallo ba su saba gani ba: an samu wadda Mason ke karewa da laifi, an yanke mata hukuncin kisa. Sauran kashin duk fafutukar gano gaskiya ce bayan kotu ta gama magana, har aka wanke ta. A cikin kashi 271, wannan ne ya fi kusa da abin da Gardner ya sani a zahiri.

Wasan ya bar baya da kyau da kuma akasinsa. Lauyoyi a Amurka sun yi ta ƙorafin cewa ya sa mutane na zuwa kotu suna jiran wani ya miƙe ya amsa laifi, idan ba a yi haka ba sai su ga kamar lauyan wanda ake tuhuma ya gaza. A ɗaya gefen kuma, ya cusa wa yara da yawa son aikin shari'a. A 2009, lokacin da majalisar dattawan Amurka ke tantance Sonia Sotomayor don zama alƙaliyar Kotun Ƙoli, ta faɗa cewa kallon Perry Mason tana yarinya na cikin abin da ya ja ta zuwa wannan aiki. Abin mamaki, mai gabatar da ƙaran da kullum ake kayarwa shi ne ya burge ta, domin ta fahimci cewa aikinsa shi ne a yi adalci, ko da hakan na nufin a saki wanda ya gurfanar.

Ƙarshe

Gardner mutum ne mai son daji. Ya sha ratsa hamadar Baja California ta ƙasar Meziko da mota da jirgi mai saukar ungulu, ya rubuta littattafai a kan tafiye-tafiyen, ya kuma taimaka wajen sanar da duniya zanen mutanen da da ke cikin kogunan yankin. A 1962 ƙungiyar marubuta labaran bincike ta ba shi lambarta mafi girma.

Ya mutu ranar 11 ga watan Maris, 1970, a gandunsa na Temecula, sakamakon ciwon daji, yana da shekara 80. A lokacin ana lissafa shi a matsayin marubucin Amurka da littattafansa suka fi na kowa sayuwa a wannan ƙarni. Takardunsa na ajiye a jami'ar Texas da ke Austin, a garin Temecula kuma akwai makarantar da ke ɗauke da sunansa.

Littattafan sun tsufa, wasan ma sai masu sha'awar tsofaffin abubuwa ke nemansa. Abin da bai tsufa ba shi ne tambayar da ya fara yi tun yana saurayin lauya a unguwar 'yan Sin, ya kuma ci gaba da yi a kan kundin Lindley da na Boggie: shin mutumin da ke tsaye gaban alƙali, shi ne wanda ake nema? Perry Mason na amsa ta cikin sa'a guda kowane mako. Clarence Boggie kuwa sai da ya jira shekara 13 kafin a samu wanda ya yi ta a madadinsa.